Laftof ɗin da Ke Warkewa a Teburin Mai Gyara

A wani shagon gem da ke kusa da tashar mota a Illela, laftof biyu ne a kan benci ɗaya, suna shan wuta daga janareta ɗaya, kuma wasa ɗaya ne a cikinsu: Pro Evolution Soccer 6, wanda Konami ya fitar a 2006, na zamanin da ake miƙa wa Adriano ƙwallo daga nesa a ce ya ɗirka. Ta farkon siririya ce mai sheƙi, a Sakkwato aka sayo ta da tsada, ga tambarin Core i7 a gefen kibod, ga RAM gigabait 16. Ta biyun ƙatuwa ce baƙa mai kauri, Core i5, RAM gigabait 8. Daga Birnin Konni aka tsallako da ita bayan an sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024, kuma an same ta da araha ne saboda kibod ɗinta na Faransanci ne, harafin A na zaune a mazaunin Q.

Kowa ya ɗauka siririyar ce za ta ci kasuwa. Sai abin ya zo a juye. Ƙatuwar tana gudu tun hantsi har bayan isha ba ta ko tari. Siririyar kuwa, 'yan wasa na jan ƙafa a fili, ihun 'yan kallo ya koma gurnani, wasan minti goma sai ya nemi rabin awa. Yaran da ke biyan kuɗi kowane wasa suka ƙaurace mata, gara su yi layi a kan ƙatuwar.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne wannan: duk lokacin da mai shagon ya ɗauki siririyar da safe ya kai wa mai gyara a cikin kasuwa, sai ta yi lafiya lau. A kunna, a buga, ƙwallo na tafiya yadda ya kamata. A mayar da ita shago, ciwo ya dawo.

Kafin a bi sawun ɓarawon, ya kamata a san abin da ya kai tsohon wasan PlayStation 2 cikin laftof tun farko. Sony ta fitar da PS2 a shekarar 2000, ta sayar da fiye da miliyan 155, ta daina ƙera shi a farkon 2013. Waɗanda suka rage a hannun mutane duk sun tsufa, kuma idon da ke karanta faifai shi ne ke fara mutuwa, musamman a ƙasa mai ƙura irin tamu. Mai shagon na da tarin faifai da na'urori biyu da idonsu ya mutu. Mafitar da ya samu ita ce manhajar kwaikwayo, wadda masu harkar ke kira emuleta. Ta PS2 sunanta PCSX2, kyauta ce, 'yan sa-kai ne ke gina ta tun 2002. Aikinta shi ne ta sa kwamfuta ta yi kamar ita ce PS2. Ba ta zuwa da wasa ko ɗaya, haka nan ba ta zuwa da BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'urar. Ƙa'idar masu ita ita ce mutum ya kwafo waɗannan daga na'urarsa da faifansa.

Wanda aka fara tuhuma shi ne wasan kansa. Wataƙila kwafin ya lalace. Wannan bai ɗauki lokaci ba: aka kwafo na cikin ƙatuwar a filash aka zuba wa siririyar, babu abin da ya canza. Aka koma kan bairos, aka goge komai aka sake ɗora Windows. Nan ma shiru.

Daga nan sai masu ba da shawara suka yi yawa. Wani ya ce a ƙara RAM. Ita wannan magana ta RAM ta zama ruwan dare a kasuwar kwamfuta, domin ita ce lambar da mai sayarwa ya fi saurin faɗa, mai saye kuma ya fi saurin fahimta. Amma lissafi bai goyi bayanta ba. Babban RAM ɗin PS2 megabait 32 ne kacal. Gigabait 16 ya ninka shi sau 512. Wanda ya taɓa ganin layin motocin kaya a bakin iyakar Illela zai gane zancen: RAM shi ne filin da motoci ke jira, firosesa kuwa shi ne jami'in da ke duba takarda yana buga hatimi. Ko ka ninka filin sau goma layi ba zai ragu ba, saurin hannun mai hatimi ne ke sallamar mota.

To in haka ne, ina dalilin da PS2, na'urar da ke gudun megahaz 295, za ta gagari kwamfutar da ke iya kai 3,300? Dalilin shi ne ba yare ɗaya suke ji ba. Ƙwaƙwalwar PS2, wadda Sony ta raɗa wa suna Emotion Engine, an gina ta ne a kan tsarin MIPS, tana da mataimaka biyu masu lissafin siffofi, VU0 da VU1, ga wani guntu daban mai zana hoto. Laftof kuwa tsarin x86 take bi. Dole manhajar ta riƙa juya umarnin PS2 zuwa na laftof nan take, ana cikin wasa, kuma ta tabbatar duk waɗannan sassa suna tafiya tare babu wanda ya riga wani. Mafi nauyin wannan aiki ba ya rabuwa, a kan ƙwaya ɗaya ta firosesa yake sauka. PCSX2 na iya ba wa wata ƙwaya aikin hoto, wata kuma aikin VU1, shi ya sa ƙwaya huɗu ta fi biyu daɗi. Amma abin da ke yanke hukunci shi ne ƙarfin ƙwaya guda ita kaɗai.

Ranar da mai shagon ya sake dawowa da siririyar wurin mai gyara, ransa a ɓace yake.

"Malam, wagga na'ura ta ishe ni. Can shago ba ta tahiya, in na kawo ta nan sai ta miƙe."

"To ƙanena, ni dai nan ban ga ciwo ba. Koma da ita. In an yi azahar ina nan tahe, in gane ta inda take ciwon."

Wannan shawara ita ce ta buɗe hanya. Da mai gyaran ya isa shagon, ƙarƙashin rufin kwano, bai taɓa sukundireba ba. Ya kunna wasan, ya buɗe 'yan lambobin da PCSX2 ke nunawa a kusurwar allo. Saurin wasan bai kai rabi ba. Ya rage kyan hoton zuwa ainihin girman da PS2 ke fitarwa, don ya ga ko sashen zane ne ya gaza. Saurin bai motsa ba, lambar EE, wato ta Emotion Engine, kuma tana manne da 100. Ke nan ba hoto ba ne, firosesa ce ta kai maƙura.

Sai ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, ya shiga shafin da ke nuna aikin firosesa. A sama an rubuta sunanta: i7-4600U, gigahaz 2.10. A ƙasa, inda ake nuna gudun da take yi a daidai lokacin, an rubuta 0.79. Ya leƙa ƙatuwar, tana sama da 3. Wato siririyar tana aiki ne da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iyakar ƙarfinta, kuma ba don ta gaji ba. Wani abu ne ya ɗaure ta a kan mafi ƙarancin gudun da aka ƙera ta da shi.

Ya duba tsarin wuta na Windows, ko an sa ta a kan tsimin batir. Ba a sa ba. Yana cikin jujjuya ta sai gwiwar wani yaro ta fizge wayar caja. Nan take lambar ta tashi daga 0.79 ta haura 2, 'yan wasa suka zabura. Aka mayar da caja, lambar ta faɗo. Aka cire, ta tashi. Kwamfutar da ya kamata ta ƙara ƙarfi in ta samu wuta, ita raguwa take yi.

Yara suka ce janareta ne. Biri ya yi kama da mutum, domin ƙananan janaretoci ba su cika ba da wuta tsayayya ba. Sai dai ƙatuwar ma a soket ɗin take, ba ta kuma yi ƙorafi ba. Don a kore shakka, aka ja waya daga shagon maƙwabci mai sola. Lambar ta ci gaba da zama 0.79.

"Ina cajar da anka ba ka tare da ita?"

"Ga ta nan ƙarƙashin benci. Tun da na ɗaure ta nan ban kwance ta ba."

"In za ka kawo min gyara, da ita kake zuwa?"

"A'a Malam, ai kana da taka."

Nan bakin zaren ya fito. Mai gyaran ya ɗaga cajar ya auna ta a tafin hannu: ba nauyi, rubutun jikinta kuma har ya fara gogewa. Ya juya bakinta ya nuna wa mai shagon wata siririyar allura a tsakiyar ramin. Laftof ɗin ofis da yawa, irin na Dell da HP, suna amfani da wannan allura ne su gane cajar da aka sa masu da kuma wat nawa take bayarwa, 45 ne ko 65 ko 90. In laftof ba ta samu amsar da ta gamsar da ita ba, sai ta ɗauka cajar ba za ta iya ɗaukar nauyinta ba, ta rage gudun firosesa don kare kanta, wani lokaci ma ta ƙi cajin batir. Jabun caja kan zo da allurar, amma babu abin da ke bayanta. Ya sake kunna na'urar ya shiga BIOS. A gurbin da ya kamata a ga ƙarfin caja, an rubuta cewa ba a san ta ba. Gargaɗin da ke fitowa a kan haka lokacin kunnawa kuma, wani ya riga ya kashe shi.

Da wannan, abubuwa uku suka warware lokaci guda. A Sakkwato da cajar teburin mai sayarwa aka gwada ta, wata daban aka jefa a jaka. A wurin mai gyara da tasa cajar take aiki, shi ya sa take warkewa. Batirin da mai shagon ya yanke wa hukuncin mutuwa kuwa da sauran ransa, caji ne ba ya samu sai ranar da ya je kasuwa.

Aka samo caja ta asali mai wat 65, ta hannu amma mai kyau. Lambar ta haura 3, wasa ya miƙe, yara suka dawo. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Da safe komai daidai. Da rana ta take, bayan ɗan lokaci ana bugawa, sai saurin ya fara zamewa, fanka na ihu, gefen hagu na kibod ba ya taɓuwa don zafi. Wannan karon lambar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, hawa da sauka take yi.

Bambancin alamar shi ya nuna cewa ɓarawon daban ne. Mai gyaran ya ɗora wata ƙaramar manhaja mai auna zafi, HWiNFO. Firosesar ta wuce digiri 95 tana leƙen 100. Intel ta sa digiri 100 a matsayin iyakar wannan firosesa, kuma da zarar ta kusanci wurin sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. In ta ɗan huce ta sake tashi, ta sake zafi, ta sake sauka.

A nan ne yanayin garin ya shigo cikin lissafi. Kamfanonin laftof galibi suna rubuta cewa a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A yankin Sakkwato, zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan haura 40 a inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano cike da mutane. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take ja ta hura wa ƙarfe. Na'urar da ta yi rayuwarta ta farko a ofis mai sanyi a Turai, ta zo nan ta tarar iskar da za ta sha ta fi waccan zafi da kusan digiri 20.

Sai yanzu sukundireba ya fito. Da aka ɗaga murfin ƙasa, tsakanin fanka da haƙoran tagullar da iska ke bi ta fita, ƙura da zare sun dunƙule sun toshe hanyar ruf, har sai da aka ciro su da hantsaki a haɗe, jajaye-jajaye irin ƙasar hunturu. Aka kwance bututun tagullar daga kan firosesa. Man da ke tsakaninsu, wanda aikinsa shi ne miƙa zafi daga wannan zuwa wancan, ya bushe ya farfashe, ana kankare shi yana zuba gari-gari. Firosesar ta 2013 ce, kuma ga alama tun daga masana'anta ba a sake mata mai ba. Aka goge, aka ɗiga sabo kaɗan, aka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa aka busa mata iska. A shago kuma aka sa 'yan katako biyu aka ɗaga bayanta, aka kawar da dardumar da ke toshe ramukan ƙasa. Zafin ya sauko, PES 6 ya riƙe gudunsa har la'asar.

Saura tambaya ɗaya, wadda ita ce ta fi amfani ga mai shirin saye. Da aka ɗora wasanni masu nauyi, irin God of War II da Shadow of the Colossus, siririyar takan fara da kyau, kafin minti ɗaya gudunta ya sauko ya tsaya ƙasa da na ƙatuwar, alhali caja lafiya, zafi lafiya. Me ya rage?

Amsar na cikin harafin ƙarshe na sunan kowacce. Ta siririyar i7-4600U, ta ƙatuwar i5-4300M. Tsara ɗaya ne, ƙarni na huɗu, shekara ɗaya. Kowacce ƙwaya biyu gare ta, kowacce iyakar gudunta gigahaz 3.3. Amma U alama ce ta firosesar da aka ƙera don tsimin wuta, an ƙayyade mata wat 15. Mai M an ba ta wat 37. Kuma wannan kaso ba na lissafi kaɗai ba ne, da shi sashen zanen hoto ke ci, tun da a guntu ɗaya suke. Mai U takan iya zabura ta ɗan wuce kasonta na wasu daƙiƙoƙi, abin da ya isa a buɗe shafin intanet ko a burge mai saye, sannan ta dawo cikin iyakarta. Wasan kwaikwayon PS2 kuwa ba zabura yake so ba, juriya yake so. Wannan ba ciwo ba ne da za a gyara, haka aka yi ta. Kaurin da aka raina ƙatuwar saboda shi, wurin zaman babbar fanka ne da bututu mai faɗi.

Akwai ɗan ƙaramin ruɗani da ya biyo baya. Wani yaro mai sa ido ya lura lambar hotuna a daƙiƙa tana tsaye a 50, alhali ya ga 60 a bidiyon YouTube, ya ce har yanzu da saura. Babu saura. Faifan Turai a kan tsarin talabijin na PAL aka yi su, mai bugun 50, wanda shi ne Najeriya ta bi. Nijar ta bi SECAM na Faransa, shi ma 50 ne. Na Japan da Amurka su ne masu 60. Lambar da za a duba ita ce ta sauri: in ta nuna kashi 100, wasan na tafiya yadda aka yi shi.

Abin da wannan bincike ya bari a hannun mai saye ba shi da yawa, amma ya isa. Da farko ya san wasan da yake nema. Na'urorin kaset irin Famicom ta 1983 da 'yan kwaikwayonta masu rawayen kaset, da Sega Mega Drive ta 1988, kusan kowace laftof za ta ɗauke su, har da masu Celeron. PlayStation ta farko, ta 1994, ita ma ba ta da nauyi a manhajar DuckStation, haka wasannin PSP a PPSSPP, wadda samari da yawa ke bugawa a waya. Daga PS2, da GameCube da Wii a manhajar Dolphin, nan ne kasuwa ke tashi. PS3 kuwa wata duniya ce, tsohuwar laftof ɗin ofis ba ta isa wurin ba.

Na biyu, ya bar kallon tambarin i5 ko i7, ya karanta cikakkiyar lambar. Kafin ƙarni na takwas, masu U na Intel duk ba su wuce ƙwaya biyu ba, ko da an rubuta i7. Daga 2017 ne irin su i5-8250U suka zo da huɗu, kuma daga wannan ƙarni ne Windows 11 ke karɓa a hukumance, abin da ya ƙara muhimmanci tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025. Masu H sukan samu wat 45, sun fi juriya, sun kuma fi shan wuta, wanda mai dogaro da sola ko man janareta dole ya sa a lissafi. Masu Ryzen 5 na AMD sashen hotonsu na da ƙarfi gwargwado. Mai intanet a waya zai iya neman makin ƙwaya ɗaya na firosesar a shafin PassMark. Masu PCSX2 suna ba da shawarar wajen 2,000. RAM gigabait 8 ya wadatar, kuma sanda biyu sun fi ɗaya amfani ga laftof ɗin da ba ta da katin hoto na daban.

Na uku shi ne gwaji, kuma shi ne wanda babu takardar da za ta maye gurbinsa. A je da wasan a filash. A je da rana tsaka, ba da sanyin safiya ba. A sa cajar da za a tafi da ita gida, ba ta teburin mai kaya ba, a leƙa BIOS a ga ta gane ta. A buɗe Task Manager a gefe, a bar wasan ya yi rabin awa, a ga inda lambar gudu za ta tsaya a ƙarshe, domin wannan lambar ita ce ake saye, ba wadda aka liƙa a jiki ba. Wasu masu kaya za su ce suna da uzuri, ko wuta tsada, ko ana jiransu. Wanda ya yarda da kayansa zai ba ka kujera har ya aika a kawo maka ruwa. Wanda ya ƙi kuwa ya riga ya ba ka amsa, kuma bai caje ka ko kwabo ba.